Jan-bakin Ranar Duba Jiki

Tabon ya fito mini ƙarƙashin kunnen hagu, daidai inda muƙamuƙi ya haɗu da wuya, a shekarar ƙarshe da muka yi a tsohon garinmu na bakin kogin Kwara, can ƙasar Ngaski. Faɗinsa bai wuce kwabo ba. Ya fi sauran fatata haske, gefensa ya ɗan yi ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo. Rashin ciwon nan shi ya fi tayar mini da hankali.

A garinmu ba a kiran sunan kuturta, sai dai a ce "cutar nan". Amma kowa ya san abin da ake yi wa mai ita. Za a yi masa bukka a bayan gari, a ware masa ƙwarya da ludayi, in kuwa mace ce mai shayarwa a cire ɗan daga nono a ba wata. Ina yarinya aka yi wa ƙanwar babana haka. Ni nake kai mata tuwo, kuma an koya mini yadda ake yi: in ajiye bisa wani faffaɗan dutse, in ja da baya, sannan ita ta matso ta ɗauka. Ɗanta ya girma yana kiran wata mace uwarsa. To ni ga ni da goyo, 'yata ta fari, watanta biyar, ko kunu ba ta fara sha ba.

Shekarun gina madatsar Kainji ne. Masu awon ƙasa sun riga sun zo sun shafa jan fenti a jikin itatuwa, sun ce duk abin da ke ƙasa da wannan ruwa zai cinye shi, har da kukar bakin kasuwa da maƙabarta. An gina mana sababbin gidaje a tudu. Kowa da abin da yake tsoro a lokacin: tsofaffi suna tsoron barin kaburbura, masunta suna tsoron kada kifi ya canza hanya. Nawa tsoron ya iso ne ta bakin mai shela, ranar da ya zaga gari yana cewa kafin a tashi malaman asibiti za su zo su duba jikin kowa, babba da yaro, mata kuma kowace za ta cire kallabi. Saura kwana tara.

Maigidana yana can kogi wajen su, sai ya yi mako bai kwana gida ba. Ni da uwarsa muke zaune, Inna nake kiranta. Mace ce mai kirki, amma idonta ba ya barin komai ya wuce. Tun da na fara sauko da kallabina ya rufe kunne take kallona.

Wata safiya ina dama fura ta ce, "Ke, mi yas sami kunnenki kinka naɗe shi awa mai ciwon haƙori?"

Na ce, "Sanyi na, Inna."

Ta ce, "Sanyi cikin bazara?" Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ranar nan sau biyu ludayi yana suɓuce mini.

Da ranar kasuwar Yelwa ta zagayo na ce zan kai bandar kifi. Na goya 'yata, na shiga jirgi tare da matan garinmu, na zauna can ƙarshe inda gefena na hagu yake fuskantar ruwa. Muna isa na sayar da kwandona ga mai sari na farko da ya taya, ban yi ciniki ba, ni da aka sani da taurin kai a ciniki. Na sulale na bar matan wajen masu albasa, na nufi layin masu kayan gyaran jiki.

Har yau in na ji ƙanshin ɗanyen man kaɗe sai gabana ya faɗi. Layin nan duk shi ne, curi-curi a cikin ganye, ga sabulun salo, ga lalle, ga kurkur, ga majigi ja wur a ƙananan ƙoƙuna, ga kwalli da tandunsa, ga katambiri da 'yan mata ke zanen fuska da shi. Na zaɓi rumfar wata tsohuwa da ban taɓa gani ba, don ba na son wadda ta san gidanmu. Dabarata ita ce in haɗa man kaɗe da majigi da ɗan katambiri, in samu launin da ya yi daidai da fatata, in shafe tabon.

Masu wannan sana'a ba sa sayar miki abu sai sun gwada a jikinki. Na miƙa mata bayan hannu, ta ce ai hannu da fuska ba launinsu ɗaya ba, ina ne wurin? Na ce ɗan kyasbi ne ya fito mini. Na durƙusa, na ɗaga gefen kallabi kaɗan. Ta lakato man ta fara shafawa, tana tambayata garinmu, da ko mu ma ruwa zai tashe mu, da watannin yarinya. Ina ta ba ta amsa, har na fara jin sanyi a raina. Sai ta dakata ta leƙo fuskata.

Ta ce, "Ɗiyata, kin jiya?"

Na ce, "Mi, Gwaggo?"

Ta ce, "Sau ukku ina tsungulinki da akaihwa."

Ban ji ba. Wallahi ko ɗaya ban ji ba. Kasuwar nan duk hayaniyarta sai ta yi mini nisa, ba na jin komai sai numfashin 'yata a bayana. Tsohuwar ta debi toka ta murje yatsunta, ta wanke, ta sake wankewa. Ba ta ɗaga murya ba, Allah ya jiƙanta. Ta ce kayanta na fata mai rai ne, in tafi asibiti. Na ce ta dai sayar mini. Ta ƙulle mini man kaɗen da majigin, amma da na miƙa kuɗi ba ta karɓa ba, ta nuna mini wata ƙwarya mai ruwa ta ce in jefa ciki.

Na tashi ina tafiya ban san inda nake sa ƙafa ba, har na tsinci kaina a bakin wani babban kanti mai gilashi, irin wanda mu matan bakin kogi muke leƙawa mu wuce. Wata mata ta fito daga ciki, an ce matar wani akawu ce da ke aiki a madatsa. Bakinta ja, ba irin jan goro da fure da muka saba ba, wani ja mai sheƙi kamar barkono ya nuna. Na bi ta da kallo har ta sha kwana. Da ta ɓace na tambayi kaina, wane irin zane ta ɗaura? Tana da tsage? Fara ce ko baƙa? Ban sani ba. Bakin kawai na gani.

Nan dabarar ta zo mini, kuma a lokacin gani nake babu mai wayona a ƙasar Yauri. Na ce in bakina ya yi ja haka, ido a nan zai tsaya, ba wanda zai gangara ƙarƙashin kunne.

Na shiga kantin da warin banda a jikina, na ce jan-baki nake nema. Mai kantin ya fito da masu araha a cikin gwangwani, na ce ba su ba, irin na matar nan nake so. Ya dube ni sama da ƙasa, ya buɗe akwatin gilashi ya ɗauko shi. Gidansa ruwan zinariya ne, yana da nauyi a hannu, in ka murza gindinsa sai jan ya taso a hankali, ga ƙanshi kamar na alewa. Ya ce ta teku ya zo, guda nawa ne kawai a garin. Duk abin da ya rage na kuɗin kwandon kifina na juye masa. Na soke shi cikin lalitata, na koma jirgi, na ce wa Inna kasuwa ba ta yi kyau ba.

Kwanakin da suka rage na yi su ne a bayan rumbu da ɗan madubina, ina gwada haɗin man kaɗe da majigi. Kullum in na shafa sai in ga ya ɓace, in na fito rana sai in ga kamar ya fi fitowa. In ina ba 'yata nono nakan karkatar da kaina dama, kada hannunta ya kai wurin. Ina ƙirga kwanakin, ina kallon matan gari masu goyo ina tunanin wace ce a cikinsu za a ba ta.

Ranar duba jiki aka kafa zana a gindin tsamiya, maza gefe, mata gefe. Da hantsi na shafe tabon, sannan na murzo jan-bakin na goga. Ban iya ba, ya haura leɓe, na gyara da bakin zane. Da na fito Inna ta dube ni ta riƙe haɓa. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi yarinyar don in shiga layi.

Mata sun fi ƙarfin ƙirga a layin nan, duk masu kama da juna, ƙafa da taɓo, zane ya sha hayaƙin banda. Mace ɗaya ce mai jan baki, ni ce. Aka fara zunɗe, aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce amarya ta ɓata hanya, wata ta ce ko malaman asibiti na zo aure. Kowace sai ta juyo ta ƙare mini kallo, daga kallabi har wuya. Garin neman gira na rasa ido, kuma ina tsaye ina gani babu yadda zan yi.

Malamar asibitin mace ce gajera mai farar riga, Hausarta da ɗan gargada. Sauran matan kallo ɗaya take musu, ta juya su, ta ce su wuce. Da ta zo kaina ta yi murmushi, ta tsaya tana yaba bakin. Tsayawar nan ce ta kashe ni. Idonta ya gangara, ta sa yatsa ta shafo ƙarƙashin kunnena, ta dubi jan majigin da ya biyo yatsan. Ta ce in biyo ta bayan zana.

Ta goge wurin da ruwa, ta ɗauko auduga ta murɗe bakinta, ta ce in rufe ido, duk inda na ji ta taɓa in nuna. Ta taɓa goshi, na nuna. Ta taɓa kunci, na nuna. Sai shiru. Na ce a raina yanzu tana kan tabon, na yi maza na kai yatsa wurin na ce, "Nan."

Ta ce, "Buɗe idonki, ƙanwata."

Hannunta duka biyu suna kan cinyarta. Ba ta taɓa ni ba.

Na fashe da kuka ba sauti, na kama ƙafarta na ce ta rufa mini asiri, ina da goyo. Ta ce cutar ce, amma da wuri aka gan ta, yanzu akwai ƙwaya, in na jure sha ko yatsa ɗaya ba zan rasa ba. Ta ce asibiti ba ya raba uwa da ɗa, in ci gaba da ba ta nono. Na ce ba asibiti nake tsoro ba. Ta rubuta mini kati. Katin nan kuwa ba mai ɓoyuwa ba ne, duk garin an san wanda ake ba shi.

Muka fito tare. Matan da ke kusa suka ja baya. Inna tana tsaye da 'yata a kafaɗa, ta dubi katin, na ga ta ƙara rungume yarinyar ta juya ta gefe.

Sai malamar ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ƙanwata, ara mini jan-bakin nan naki mana."

Na kwance lalita, na rasa inda zan ajiye mata, don na san mai cutar nan ba ta miƙa abu hannu da hannu. Ta kama hannuna ta karɓa. Ta murza shi, wanda ya taɓa bakina da hantsin nan, ta goga a nata leɓen sama da ƙasa, ta haɗa su, ta mayar mini cikin tafi. Sannan ta dubi Inna ta ce yarinya tana jin yunwa, ta koma bakin aikinta da jan bakinta, ta kira ta gaba.

Ba a yi mini bukka a bayan gari ba, ko a tsohon ko a sabon. Ƙwarya da ludayi kam an ware mini, shekara da shekaru, har bayan tabon ya ɓace. Ga yatsuna goma ina rubutu da su. Amma duk wannan daga baya ne. A gindin tsamiyar nan ban san ko ɗaya ba, abin da na sani kawai 'yata ta fara kuka, nono ya jiƙa mini gaban riga, Inna kuma ba ta motsa ba.

Na ce, "Inna, don Allah."

Ta daɗe tana kallon malamar, tana kallona. Can ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa tsakanina da ita, ta kwantar da yarinyar a kai, ta ja da baya taku biyu. Na san wannan ja da bayan, ni ma na yi wa wata shi. Na durƙusa na ɗauki 'yata.