Musun Fansho Daga Gaya Zuwa Gafasa

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokin aikina da direban da ƙungiyarmu ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta haɗa mu da shi. An aike mu ne mu zagaya Gaya da Ajingi mu ji bakin ma'aikata da 'yan fansho: a ci gaba da tara abin da ake yanka a albashin kowa a asusu ɗaya ana biyan wanda ya yi ritaya daga ciki, ko kuwa kowa a buɗe masa asusunsa da sunansa. Ni ina bayan asusun kowa da nasa, abokina yana bayan tsarin da ake kai. Mun daɗe muna wannan musu a ofis, tun kafin mu fita gari kuma muka ɗora daga inda muka tsaya.

A Wudil muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya koma kamar maɓallin riga, kuɗinsa kuwa ya ninka. Direba ya ɗaga guda ya duba, ya ce ƙosan nan ma da alama ritaya ya yi. Muka karkata hanyar Gaya. An yi ruwa da daddare, ramukan titi sun cika, gero da dawa sun yi kore shar hagu da dama.

A wani ajin makarantar firamare aka shirya mana zaman Gaya. Na yi murna da na ga ajin ya cika har wasu na leƙe ta taga, tsofaffi a gaba, matasan ma'aikata a baya. Wata ma'aikaciyar lafiya ta ce ita dai tana son ta riƙa ganin abin da aka yanka mata a wayarta duk wata. Wani malamin haraji ya ce kafin ta tsufa abin da aka tara mata ba zai sayi kwanon masara ba. Ni da abokina kowa ya samu magoya baya, aji ya kaure. Can sai wani tsohon masinja daga cikin tsofaffin ya miƙe da sandarsa.

"Yallaɓai, wai yaushe za a fara kiran sunan?"

Na ce sunan me, Baba? Ashe labari ya je musu cewa an zo daga Kano kan maganar fansho, suka ɗauka haƙƙinsu na sallama aka kawo. Wasu daga Balan suka taso, har da wanda aka riƙo a kan babur don ba ya iya zama shi kaɗai. Da na ce ra'ayinsu kawai muka zo ji, ba wanda ya zage mu. Ɗaya bayan ɗaya suka lalubi takalmansu suka fita. Da zagin suka yi, da ya fi mini sauƙi.

Muka bi ta Kademi muka sha fura da nono a bakin hanya. Mai furar ta ce damina ta yi kyau, amma taki ya gagari talaka. Daga nan muka nausa Ajingi, muka ɗan yi zama da ma'aikata kaɗan, sannan na roƙi direba ya kai mu Gafasa. Akwai wani tsohon duba-gari a can, wanda shi ya koya mana aiki ni da abokina lokacin da aka ɗauke mu. A zamaninsa in ya shiga kasuwa mahauta gyara tsayuwa suke.

A gida aka ce yana gona. Muka same shi a sunkuye da fartanya cikin samari 'yan ƙwadago, yana can baya sun ba shi rata mai yawa. Ya gane mu, ya goge hannu a riga, ya tambayi iyalinmu ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa gonar ta yi kyau, Allah ya sa albarka.

"Ba tawa ba ce, ɗana. Da dai tawa ce."

Ya ce gadonsa ce. Da aiki ya yi ta yawo da shi gari-gari sai ya sayar wa ɗan baffansa, yana ganin mai fansho ba ya buƙatar gona. Ya yi ritaya, sallama ba ta fito ba har yau, na wata-wata kuma ba ya kai shi tsakiyar wata. Yanzu 'ya'yan ɗan baffan ne ke ɗaukarsa noma, suna biyansa daidai da samarin saboda kunya.

Abokina ya daure ya bayyana masa tsarin biyun, ya tambaye shi wanne ya fi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce duk sun yi kyau a baki, mu zaɓi wanda muka ga dama tunda shi nasa ya wuce. Sai ya dube ni.

"Kai saura shekara nawa ka ajiye aiki?"

Na ce saura kaɗan, Baba. Ya ce ina da gona? Na ce na sayar na yi gini a Kano. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kyauta, ya nemi mu yi masa uzuri kada samarin su gama kunyarsu su bar shi. Ya koma ya sunkuya.

Har muka tsallake gadar Wudil ba wanda ya sake ɗaga maganar asusu. Mun shigo gida ana kiran magariba. Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da daɗi: mu masu albashi a hannu mu ne ke da bakin musu kan tsari, waɗanda suka riga mu fita kuwa a biya su kawai suke jira, kuma babu tsarin da zai yi aiki a hannun wanda ba ya tsoron Allah. Kafin na cire takalmi na kira ƙanena a ƙauyenmu na tambaye shi nawa ake sayar da 'yar ƙaramar gona yanzu. Ya faɗa mini kuɗin da ya fi ƙarfina, na zauna a bakin ƙofa da takalmin a ƙafata. Ya ce, "Yaya, kana ji na?" Na ce ina ji.