Kwanon Tsohuwar Bankok

Damina ce, shekarar da na fita takaba. Ruwa ya yi yawa a Kaduna, ni kuma abinci ya fita raina gaba ɗaya. 'Yata ta fari, mai shagon kayan yara a Kinkinau, ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba, sai dai mu tafi sarin kaya Bankok tare.

Garin akwai zafi da cinkoso. Babura sun fi na Kawo yawa, wayoyin lantarki a cukurkuɗe a sama kamar zaren da kaza ta shiga. Kowane lungu da mai tuya. Na ga tsamiya a ƙulle cikin leda, na ga fara soyayya a faranti kamar a bakin tasha, na ga kifi yana motsi a baho. Amma na ga kawunan alade a rataye, daga nan bakina ya rufe. Shayi kawai nake sha, ga maganin hawan jini da ba ya son cikin wofi.

"Mama, in yau ma ba ki ci ba, gobe mu koma gida," in ji 'yata. "Kayan su zauna."

Na san jarinta ke nan duka, kuma ko rabin sarin ba ta yi ba.

Da yamma muna ratsa wata kasuwa sai na ji ƙarar turmi. Na tsaya cak. Irin dakan kakarmu ne a Abakpa, ƙaramin turmi tsakanin ƙafafu, tana daka ƙuli-ƙulin kwaɗon zogale, mu jikoki mun kewaye ta muna jiran lasar taɓarya. Na bi ƙarar. Wata tsohuwa ce da ɗankwali har wuya, tana daka ɗanyar gwanda da barkono da gyaɗa, tana matsa lemun tsami. Na yi mata sallama, ta amsa cikakkiya. Iyakar hirarmu ke nan.

Ta dube ni da kyau, ta ture robar da take zuba wa masu saye, ta ɗauko kwanon cin abincinta ta cika, ta ɗora shinkafa mai danƙo a gefe. Na zauna a bencinta na ci, hawayen yaji na zuba. Da na kasa cinyewa, ta rufe kwanon ta miƙo mini, ta yi nuni da hannu in tafi da shi.

A masauki 'yata ta ce, "In na fita gobe zan miƙa mata kwanonta."

"Haka nan, wayam?"

"Mama, nan fa ba Abakpa ba ce."

Muna yara, in maƙwabta suka aiko da tuwo, kakarmu ba ta yarda kwano ya koma ba komai a ciki. Ko ɗan daddawa ne, ko gyaɗa cikin tafin hannu. Yanzu a unguwarmu ma leda ake aikowa da ita, babu abin mayarwa.

Da gari ya waye na wanke kwanon. Na buɗe jakar guzurin da na ƙi taɓawa tun daga gida, na zuba ƙuli-ƙuli da ƙullin yajin daddawa. 'Yata ta wuce wajen masu kaya, ni kuma na bi ƙarar turmi. Tsohuwar ta buɗe, ta sansana, ta gutsuri ƙuli ɗaya, ta jefa sauran a turminta. Ta matsa mini a benci, na zauna jiran a gama daka.