Miyar Ɓawon Ƙaguwa

Jiya jikata ta nuna mini hoto a waya. Wai mutanen wani tsibiri mai sanyi, Faro, sukan gasa ɓawon ƙatuwar ƙaguwar teku, su tafasa, su tace, su zuba madara. Na yi dariya har da ƙwalla. Ai Inna, uwar mijina, ta riga su, a Unguwar Lalle.

Shekarar da fari ya ƙone gero ina da juna biyu, duk abin da na ci sai ya dawo. Gulbi ya ƙafe, saura taɓo. Inna ta fita da sanda, ta dawo da ƙaguwa ƙunshe a zane, domin a garinmu abin kunya ne cinta.

Na ciro ɗan naman, zan zubar da ɓawon, ta riƙe hannuna. "Ke ɗiyata, mi za ki yi? Ai nan daɗin yake."

Ta gasa shi a garwashi har ya yi ja, ta daka, ta tafasa da albasa da daddawa, ta tace. Sannan ta juye 'yar madarar da ƙawarta Bafulatana ta tatso daga saniyar da ta rage musu. Ƙamshi ya tsallake danga, maƙwabciya ta leƙo tana tambaya.

"Maganin masu ciki ne," in ji Inna.

Na shanye tas, miyar ta zauna a cikina, ba ta dawo ba. Ita ko ludayin ba ta lasa ba, alhali tun jiya ba ta ci komai ba.

Cikin da nake ɗauke da shi a lokacin, shi ne uban jikar nan tawa mai wayar. Allah ya shayar da Inna daga Alkausara, ta sha har ta ƙoshi.