Kofin da Malam Isiyaku Yake Ƙarawa

Ina bakin aji a harabar jami'armu ta Kongo wayata ta yi ƙara. A dandalin malaman sashenmu na waya wani ya rubuta cewa Allah ya yi wa Malam Isiyaku rasuwa a gidansa da ke Tudun Wada, bayan gajeriyar jinya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in gama karantawa ta'aziyya ta fara zuba, kusan duk kalmomi iri ɗaya, wannan ya kwafo daga wancan. Na kasa rubuta komai. Na sallami ɗalibai na kama hanya.

Malam ya koyar da ni adabi, daga baya muka zama abokan aiki. Tun muna ɗalibai yake buɗe zaurensa kowace Asabar da hantsi, ya ɗauko littafi ya karanta mana. Zauren kan cika har wasu su tsaya a ƙofa, maiɗakinsa Hajiya Binta tana aiko da shayi. In ya kai wurin da ya taɓa shi, sai ya ɗora yatsa a kan shafin ya yi shiru. Wanda ya ƙosa ya yi gyaran murya, Malam zai dube shi ya ce, "Bari maganar ta zauna tukuna. Ina za ka?"

Sannu a hankali zauren ya fara zama wayam. Ba karatu yaran suka daina ba. Kullum idonsu na kan waya, guntu nan guntu can, littafin da aka ba su kuwa sai su nemo taƙaitawarsa a intanet. Ni abin haushi yake ba ni, in yi ta faɗa har in gaji. Shi ban taɓa jin ya zage su ba. Yakan ce, "Ba ragwaye ba ne, zama ne aka hana su. Amma wanda ya taƙaita maka littafi, shi ya ci naman, ya ba ka labarin daɗinsa."

Bayan ya yi ritaya aka wayi gari daga ni sai shi. Ɗalibai suka roƙa a riƙa naɗar karatun ana tura musu, ya yarda, ni nake riƙe wayar. Na ce a yanke shirun nan nasa, tunda yaran ƙara wa murya gudu suke yi, su tsallake inda ba a magana. Ya ce a bar shi yadda yake. A ƙarshen kowane karatu kuma, bayan ya rufe littafi, yakan ƙara da cewa, "Wanda ya kawo nan, ya zo ranar Asabar, akwai shayi." Bai taɓa faɗar wannan a wani wuri ba sai nan.

Ina turawa godiya take fara shigowa, tun kafin in mayar da wayar aljihu. Shi kuwa sai ya sa Hajiya ta ƙara kofi a kan tire. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ya ɗaga kai. Ba wanda ya zo. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma na san abin yana cin ransa, ni ma yana cin nawa.

Asabar ɗin da ta biyo bayan an watse daga zaman makoki, ƙafata ta kai ni zauren, don ban san inda zan nufa ba. Ina zaune ni kaɗai wata ɗaliba ta yi sallama. Ta ce sunanta Zainab, daga Gyallesu take.

"Malam, da na ji rasuwar ne na zauna na saurari karatun da aka naɗa har ƙarshe," in ji ta. "Wallahi ban san yana kiranmu ba."

Na aika cikin gida cewa an yi baƙuwa, Hajiya ta aiko da tiren nan, da kofin da aka saba ƙarawa. Na buɗe littafin inda Malam ya tsaya na fara karantawa. Ban yi nisa ba na tsaya, na ɗora yatsa a kan shafin. Zainab ba ta ce in ci gaba ba, jira ta yi.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Hajiya Binta da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ya ɗebe musu kewa. Ya Allah, bawanka ya daɗe yana jiran baƙo bai rufe ƙofarsa ba. Yau shi ne ya zo, ka karɓi baƙuncinsa. Amin.