Mai Rakiyar da Ba Mu Sallama Ba

Jama'a ku yi mini haƙuri, ni ba marubuci ba ne, tela ne, kuma abin da zan ba ku wallahi ba a bakin wani na ji ba, da ni aka yi shi. Lokacin ana kiran ƙasarmu Dahome, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, ina da ɗan shagona a Guéma cikin Parakou, keken ɗinki ɗaya da benci ɗaya, sai wan mahaifiyata, Kawu Salifu na Djougou, ya aiko wai in shirya zan bi shi aikin hajji. Ba don ibadata ya zaɓe ni ba, wannan kowa ya sani. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida ne, ina iya karanta takardun Turawa, shi kuwa in ba da ajami ba ko sunansa ba ya ganewa.

Kawu jinin fatake ne. Ubansa madugu ne, wato mai jan ayarin goro daga Gwanja zuwa Kano, shi ma ya bi bayan jaki a wannan hanya tun bai yi gemu ba, kuma mutum ne mai riƙon al'ada har ya gundure ka. A gidajenmu na Djougou baƙo ba ya fita shi kaɗai, mai gida zai biyo shi da rakiya, kuma ba zai juya ba sai baƙon ya tsaya da kansa ya ce, ya isa haka, ka koma, na gode. In baƙo bai faɗa ba, juyawa abin kunya ne. An taɓa yin wani baƙo mai surutu da ya manta, Kawu ya bi shi a ƙasa har ƙauye na gaba, ya dawo da kumburin ƙafa bai ce wa kowa komai ba.

To, mun gama hajji lafiya, jirgin komawarmu ta Alƙahira zai bi, a can kuma aka ce sai mun jira kusan mako biyu. Kawu ya ce shi tun yana ƙarami yake jin labarin Fir'auna a wajen tafsiri, ba zai zauna a masauki yana ƙirga ƙudaje ba alhali ga ƙasar mutumin a gabansa. Wani ɗan garinmu da ke karatu a can ya yi mana hanya, muka hau jirgin ƙasa zuwa Luxor, daga nan muka shiga bato, wato jirgin ruwa, irin mai ɗaukar masu yawon buɗe ido, ya bi kogin Nilu da mu kwana huɗu zuwa Aswan. Turawa suna sama da manyan huluna da na'urar foto, mu muna ƙasa kusa da masu girki, kullum safe wake da burodi har na fara jin haushin wake.

Kowace rana bato zai tsaya a fita da mu kallon gine-gine. Kai, ikon Allah! Ginshiƙin dutse guda, mutum biyar su riƙe hannu ba za su zagaye shi ba, ga zanen mutane masu kan tsuntsu, wasu kan kada, launi garau sai ka ce jiya aka shafa. Kawu sai ya dafa dutsen ya yi ta girgiza kai yana cewa, yanzu ina masu shi. Ni dai gaskiya ƙafata ke ciwo, kuma hankalina yana kan shagona da na bari a rufe.

Ranar ƙarshe a Aswan aka tsallaka da mu ɗaya gaɓar a ƙaramin kwalekwale mai tanti, muka hau wani tsauni mai matakala da ba ta ƙarewa, a sama ga ƙofofin kaburbura a jere kamar shaguna a kasuwa. Ɗan jagoranmu yana jin Faransanci, ni nake fassara wa Kawu. A wani ɗaki ya ce mai wannan kabari ba sarki ba ne, shugaban ayari ne, yakan yi kudu da jakai wata da watanni ya dawo da hauren giwa da turare da fatun damisa, kuma ko gawarsa ba ta nan, an kwashe komai tun da daɗewa. Ina gama fassarawa Kawu ya kama hannuna ya ce, "Kai, madugu ne fa!"

Turawa suka gama ƙyalla fotonsu suka fita, shi kuwa ya koma bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama da ƙarfi sannan ya sake shiga. Na ce, "Kawu, daga Makka fa muke, wannan kuwa Allah kaɗai ya san abin da ya bauta wa." Ya ce, "Ni ban san zuciyarsa ba, ɗana. Ɗakin mutum na shiga. Dubi yadda ake tattaka masa gida, ba mai ko ce masa sannu." Ya zauna a ƙasa ya kwance ɗan ƙunshin goronsa, wanda ya yi ta lallaɓawa cikin ganye tun daga gida har saura uku, ya ɓare ɗaya, ya ci ɓari, ya ajiye ɓari a gindin bango, ya shiga ba bango labarin ubansa da hanyar Gwanja. Wallahi sai da na ji kunya, ina ta leƙen waje kada wani ya gan mu.

Ana haka bato ya yi ƙaho daga can ƙetare, ɗan jagora yana ta ɗaga mana hannu, na ciccibi Kawu na jawo shi, muka gangaro matakalar nan da sauri yana ta cewa in tsaya, in tsaya, ni kuwa ina cewa in aka tafi aka bar mu wa muka sani a nan. Sai da kwalekwale ya kai tsakiyar ruwa ya dube ni ya ce, "Ka yi mana ɓarna. Madugun nan ya biyo mu da rakiya, ba ka bar ni na sallame shi ba." Na yi dariya har da riƙe ciki, Allah ya yafe mini.

Da la'asar ɗin nan mai kawo shayi ya ajiye mana kofi uku. Na ce mu biyu ne, ya dubi gefen Kawu, ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa ya tafi ya bar kofin. Na ce kuskure ne. Muka koma Alƙahira, muka hau jirgin sama, muka sauka Kwatano, muka shiga jirgin ƙasa har tashar Parakou, duk na manta da zancen. Muna isa gidanmu a Guéma mata suna ta guɗa, innata ta fito da ruwan baƙi a kwano uku, ta ba yayanta, ta ba ni, ta tsaya da na ukun a hannu tana waige-waige. Ta ce, "Ina dogon nan da kuka shigo tare, mai farin zane a ƙugu? Ko kunya yake ji ya tsaya waje?" Ban san lokacin da kwano ya kuɓuce mini ba. Kawu kuwa ya karɓi na ukun a hankali ya kai bakin zaure ya ajiye.

Ni ban taɓa ganinsa ba, kada in yi muku ƙarya. Ji na yi. Bayan wata guda na hau kamiyo, babbar motar kaya, na je Djougou gaida Kawu, muna tafiya masallaci da azahar, rana tsaka, hanya ba kowa, sai ga takun ƙafa ba takalmi a bayanmu, taku ɗaya tsakani, mun tsaya ya tsaya, mun tafi ya tafi. A ƙofar masallaci ya tsaya cak, da muka fito ya ɗora daga inda ya bari. Na ce, "Kawu, don girman Allah ka ce masa ya koma mana, ba magana ɗaya ba ce?" Ya ce, "Ya koma ina? Ta sama muka zo da shi, bai ga hanya ba. In na ce ya koma dole ya juya, ya faɗa dajin da bai sani ba, ba harshe ba ɗan'uwa. Mutumin da ya girmama ni zan yi wa haka?"

Abin da ya ci Kawu ke nan shekara bakwai. Mai rakiya ba ya shiga gida kuma ba ya zama, don haka a tsaye yake a ƙofar zaure, in ji Kawu, rana da ruwan sama duk a kansa. Ya sa aka kafa masa rumfa a wurin, kullum a shimfiɗa tabarma a kai ruwa, ba a taɓa samun an taɓa ba. Shi ma Kawu ya daina jin daɗin zama, sai ka gan shi yana cin tuwo a tsaye wai ba zai miƙe ƙafa ba wani na tsaye dominsa. Gari ya ɗauka Alhaji Salifu ya taɓu a Masar. Wani malami ya zo da hayaƙi zai kore shi, Kawu ya ce duk wanda ya kunna garwashi a ƙofarsa ba shi ba shi har abada. Burinsa ɗaya, ya sake komawa Aswan ya kai mutumin har bakin ƙofarsa sannan ya sallame shi, amma shekara ta zo da ciwon ƙafa, wata ta zo da rikicin gwamnati aka hana fita, har jiki ya ƙi gaba ɗaya. Ni kuwa duk zuwan da zan yi sai na ji kamar in nutse, don na san hannuna ne ya jawo shi daga ɗakin nan.

Da ciwo ya yi tsanani ya aika aka kira ni. Na same shi da hantsi ya rame ƙwarai, ya ce kowa ya fita. Ya ce, "Mu biyu ya rako, in na tafi kai zai bi, kuma kai ma kana da ikon sallamarsa. Na yi tunani, madugu ne, madugu kuwa ba ya buƙatar a riƙe masa hannu, zango kawai za a lissafa masa." Sai ya shiga jero mini tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa wadda ubansa ya bi, daga Djougou zuwa Nikki, a ƙetare Kwara, Kano, Kukawa, a zagaye tafkin Chadi, Wadai, Fashir, a yi ta gabas har a iso babban kogi, in an iso shi kuma a bi inda ruwa ke gangarawa, kada a bi inda yake fitowa. Ya ce in rubuta. Na ce haba Kawu, ɗan wannan, ai na riƙe a ka. Kwana biyu tsakani ya rasu.

Muna dawowa daga maƙabarta na ji takun a bayana. Ba na Kawu ba ne yanzu, nawa ne. Ku yarda da ni, tsoro na ji da farko, amma kafin in iso gida tausayi ya danne tsoron, don takun ya yi nauyi, yana jan ƙafa irin na wanda ya gaji. Washegari bayan sallar asuba, da gari ya waye sarai, na fita ta hanyar gabas har na wuce gonakin doya na ƙarshe, na tsaya, na juya na fuskanci inda ba kowa. Na ce, "Madugu, Kawu ya riga mu gidan gaskiya, ya ce in gode maka. Laifina ne, ni na hana shi sallamarka, ka yafe mini." Na jero masa zangon nan ɗaya bayan ɗaya har bakin kogi, sannan na ce, "Ya isa haka, ka koma, mun gode."

Sai na ji takun ya motsa, ya raɓa ta damana har na ji iskarsa a hannun rigata, ya wuce gabana a karo na farko, ya miƙe gabas da sauri, da sauri fa, ba jan ƙafa, har na daina ji. Na zauna a bakin hanya na yi kuka kamar ba namiji ba, wani mai keke ya tsaya yana tambayata ko ɓarayi ne suka tare ni.

Kwana tara bayan nan, ina shagona a Guéma ina kan ɗinkin wata riga, sai ƙafata ta tsaya a kan keke. Na tuna na kai Madugu bakin kogi, amma ban gaya masa ya bi gangaren ruwa ba. Wallahi tallahi ban faɗa ba, na juya maganar a kaina ta kowace fuska, ba ta ciki. Na rufe shago na hau kamiyo na koma Djougou, wurin nan bayan gonakin doya, na yi ta ƙwala wa gabas kira ina cewa gangare, Madugu, gangare za ka bi, har makogwarona ya dushe, ba abin da ya amsa.

Wasu da na ba labarin sun ce in kwantar da hankalina, mutum ba ya ɓata a kogin garinsu. Wata rana ina yarda, wata rana kuma sai in tuna ruwan nan ya sha canza kama tun bayan zamaninsa. Yanzu na tsufa, ban sake jin taku a bayana ba, kuma ban san ko wannan alheri ne ba.

Don haka ku masu zuwa kallon kaburburan mutanen da, ku shiga da ladabi ku fita da ladabi, ɗakin wani ne. In kuma wani ya biyo ku da rakiya, ko wane ne shi, kada sauri ya ɗauke ku. Ku tsaya tun yana hango ƙofar gidansa ku ce masa ya koma.