Ranar da Yaya Ya Zauna a Bencin Gaba

Ƙullun ƙosai ba ya kwana. In ka jiƙa wake ka kai markaɗe, ko ka soye shi a ranar ko ya yi tsami ka zubar. Shi ya sa duk shekarun da na yi ina tuya a ƙofar gidan kallo a Kalgo, tun da safe nake yanke yawan mutanen da za su zo kallo da yamma.

Ni 'yar Gwandu ce, aure ya kai ni Kalgo. Mijin ya rasu, ruwa ya ci ɗakin da ya bar mini, na binne biyu cikin 'ya'yana. Kasko na samu, na riƙe shi.

Gidan kallon rumfar kwano ce da aka kewaye da zana, da benci, da talabijin a kan tebur, da janareta a baya. Mai gidan tsohon direba ne. Kullum da hantsi sai ya biyo ta wurina.

"Gwaggo, yau mi kinka jiƙa?"

In na ce da yawa, sai ya ƙaro man janareta, ya aro benci wurin mai shayi. In na ce kaɗan, ya yi tsaki ya wuce.

Ba wani asiri ba ne. Ina sauraron 'yan kabu-kabu da ke tsayawa da baburansu a bakin titi. Abin da suke gardama a kai da safe, shi za su zo kallo da yamma. In ƙwallo ce ta manyan ƙungiyoyi, a jiƙa ba tsoro. In ranar kasuwa ce, kowa ya gaji, a rage. In ɗaliban jami'a sun tafi hutu, a ƙara ragewa. Sabon shiri kuwa, ranar farko kowa na zuwa, ba a gane komai da ita. Sai a mako na gaba. In na ji wani ya kwaikwayi maganar wani a cikin shirin, abokinsa ya ƙarasa masa, to shirin ya kama. In ba wanda ya ɗauko ko kalma ɗaya, ya mutu, ko da kayan cikinsa na ƙyalli.

Nakan yi kuskure. Akwai wani shirin dambe da na rantse zai cika rumfa, na ƙare da rabon ƙosai ga maƙwabta.

Yayana manomin albasa ne a Gwandu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ba mu yi kama ba. Ni magana ba ta dame ni ba, shi kuwa in ya zauna a kasuwar albasa sai masu ɗaura buhu su bar aiki suna riƙe ciki. A nan wasu samari masu haɗa wasan kwaikwayo suka gan shi. Suka sa shi a shirinsu na mako-mako, ana nunawa ran Asabar bayan la'asar. Yana fitowa a manomi mai ganin ya fi kowa wayo, kullum wayon na ƙarewa a kansa. Wani Alhaji mai sayar da injin ban-ruwa shi ke ɗaukar nauyi, ana sa tallan injinansa a tsakiya.

Tun mako na biyu na san ya kama. Wani ɗan kabu-kabu ya taka ɗan'uwansa, sai na ji wanda aka taka ya ja murya irin ta Yaya ya ce, "Ni za a yi wa wayo?" Duk bakin titi aka kwashe da dariya. Ran Asabar na ƙara wake.

'Ya'ya mata Allah ya ba Yaya, kuma yawancinsu a Kalgo suke aure, a unguwarmu. Mazansu 'yan kabu-kabu ne da masu faci, kuma su da ƙannensu da abokansu su ne rabin masu zama a rumfar. Sukan zauna can baya, su sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Abokan ba sa raga musu.

"Kai, tashi ka taimaki Baba, ga shi can ya faɗa kwata!"

"Allah ya shirye ka."

"Ka ɗauke shi a babur mana, ko sai ya biya?"

"Wallahi ka ƙara, yau ba ka komawa gida da haƙora."

Amma ba wanda ke fashin Asabar.

Ana haka sai Alhajin ya fara ƙorafi. Ya ce samarin kullum suna ce masa kowa na kallo, shi bai ga kowan ba. An ce a manyan birane akwai waɗanda aikinsu ke nan, ƙirga masu kallo. Mu nan babu. Ya ce zai je gidan kallo ɗaya da ƙafarsa ran Asabar. In ya ga rumfa cike, shiri ya ci gaba. In bai gani ba, zai mayar da tallansa rediyo. Ya bar wa Yaya zaɓen gari, Yaya ya ce Kalgo.

Saƙo ya iso mana cewa Alhaji na tafe. Iyakar saƙon ke nan.

Babban surukin Yaya, mijin 'yarsa ta fari, shi ya bi mutane gida-gida. Mai gidan kallo ya aro benci har daga wurin mai aski. Ni kuma ban taɓa jiƙa wake irin na ranar ba, sai da mai injin markaɗe ya tambaye ni ko suna ake yi.

Ana idar da la'asar ƙofar ta cika. Babura jere har bakin kwalbati. Ba a fara shiga ba, ana tsaye kewaye da kaskona ana ci ana raha, ana jira baƙo ya fara zama.

Mota ta tsaya. Alhaji ya fito. Sai ɗaya ƙofar ta buɗe, Yaya ya fito da rigarsa ta Sallah.

Matsamin da ke hannuna na ajiye.

Babban surukin ƙosai ne a bakinsa. Ya haɗiye shi da zafinsa, ya ɓoye hannu a baya, don suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ya cire takalmi ya durƙusa. Sauran suka bi, har da abokansu.

"Baba, an zo lahiya?"

"Lahiya lau! Ku tashi, ku tashi. Ku shigo mana, an kusa farawa."

"To, Baba."

Ba wanda ya motsa.

Yaya ya ja Alhaji suka shiga, suka zauna a bencin gaba, daidai bakin ƙofa. Duk mai shiga sai ya gifta ta gabansa. Sannan kuma ya zauna a bayansa yana dariya ana wulaƙanta Yaya a talabijin. A wajenmu ba a yin haka. Waɗanda ba su haɗa komai da shi ba ma, da suka ga na gaba da su sun toge a waje, sai suka toge. Wasu ɗalibai suka leƙa, suka ga ba ƙwallo ba ce, suka juya. Wani tsoho da kullum barci ke kawo shi ya shiga ya kwanta a bencin ƙarshe.

Yaya ya san wannan al'ada sarai. Shi da kansa yana saurayi ya taɓa kwanciya a cikin kunyar dawa a gona don kada ya haɗu da uban matarsa a hanya. Murna ce ta mantar da shi. Daga baya na gane dalili. Inda ake ɗaukar shirin ba mai dariya, sai na'ura da samari suna cewa a sake. A Gwandu kuma dattijo kamarsa ba ya shiga gidan kallo. Bai taɓa jin rumfa ta yi masa dariya ba, abin da ya kawo shi ke nan.

Aka fara. Mutanen suka zagaya bayan rumfa, suka manne da zana, kowa ya samu 'yar kafa ya sa ido. Daga inda nake zaune ina ganin duka biyu, ciki benci ba kowa, waje kai a kan kai. Shirin ranar kuwa shi ne wanda matarsa ta cikin wasa ta biyo shi da muciya, wandonsa ya maƙale a danga. Ina ganin ƙarti sun cusa hula a baki, kafaɗunsu na rawa, ba mai barin sauti ya fita.

A ciki Yaya ya yi dariya shi kaɗai, ya dubi Alhaji, ya waiga baya. Ya sake waigawa. Daga nan bai ƙara dariya ba.

Ban taɓa barin mai a wuta na tashi ba sai ranar. Na shiga na durƙusa kusa da shi.

"Yaya, ka tashi ka fita."

"Auta, lahiya?"

"Kai ka hana su shiga. Ka koma mota."

Ya dube ni, na ga ya gane. Ya dubi Alhaji, ya rage murya.

"Baƙo na kawo. In tashi in bar shi shi kaɗai?"

Gaskiyarsa ce, wannan ma ba a yi. Sai na juya wajen Alhajin.

"Alhaji, mutane na nan bayan zana. Kunyar Yaya suke ji."

Mutumin kirki ne, ya tashi ya ce bari ya gani. Yaya ya tashi don ya raka shi. Na bayan zana suka ji muryar Baba na zagayowa, kafin su kai kusurwa an watse. Abin da Alhaji ya tarar shi ne takalma warwatse da bayan wasu mutane suna shan kwana.

Ya yi murmushi.

"Hajiya, na san kunya, ni ma ina da surukai. Amma gari duka surukansa ne?"

"Rabin unguwar nan."

"To. Kowa na ce mini ana kallo. Ni dai benci na gani."

Na nuna masa roba, ƙullu ya kusa ƙarewa. Ya ce Allah ya sa albarka, ƙosai na da masoya. Bai tsaya an gama ba, ya ce yana son magariba ta same shi a gida. Yaya ya shiga motar bai dubi kowa ba.

An nuna sauran da aka riga aka ɗauka, sannan shirin ya tsaya. Asabar ta koma kamar Talata.

Na tare babban surukin a bakin titi.

"Kun kyauta."

"Gwaggo, mi za mu yi? In zauna bayan Baba ina dariya, da wace fuska zan shiga gida? Ɗiyatai fa nake aure."

"To hau babur ka tafi Gwandu ka gaya masa kuna kallo."

"In ce mishi mi? In ce Baba, na gan ka anka biyo ka da muciya, na ji daɗi?"

Abokinsa ya fara dariya, na dube shi ya haɗiye. Na san ba zai je ba, kuma da ya je da bakinsa ba zai buɗe ba.

Lokacin cirar albasa na je Gwandu. Surukan duk sun zo taya aiki kamar yadda suka saba, sun yi aiki kamar za su mutu, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Da rana ta take, ni da Yaya muka zauna a gindin mangwaro. Ya daɗe yana murza ganyen albasa a hannu.

"Auta, tsakaninki da Allah, ana kallon abin nan?"

"Ana kallo."

"Kullum?"

"Kullum. Har maganarka suke yi a titi."

Ya girgiza kai.

"Ke ƙanwata ce. Mi za ki ce in ba haka ba?"

Da ni mai iya magana ce, da na zauna na kwatanta masa rumfar, wa ke zama ina, wa ke faɗowa daga benci. Ban iya ba. Na ce masa ni ba na ƙarya, ya ce ya sani, ya tashi ya koma cikin aiki.

Masu ɗaura buhu sun ce mini daga shekarar bai ƙara ba da dariya a kasuwa ba. Yakan sayar da albasarsa ya tafi gida. Samarin sun dawo nemansa da suka samu wani mai ɗaukar nauyi, ya ce su nemi yaro, shi ya tsufa da wasan da ba mai so.

Ya yi 'yan shekaru ya kwanta ciwo, ya rasu da damina.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa baƙi sun watse, surukan suka rage a ƙofar gida. Ina zaune a tsakar gida jikin katanga, ina jin su. Sai babban ya ce, "Kun tuna ranar da ya sayi jaki makaho?" Wani ya ja murya, muryar Yaya sak, ya faɗi abin da ya ce wa mai jakin. Wani ya amsa da maganar mai jakin. Suka bi shirin daga farko har ƙarshe, ba su yar da kalma ba, suka ɗauko wani. Suna dariya suna jan hanci. Yau ba mai cusa hula a baki.

Matar Yaya ta dube ni ta ce, "Ashe haka sunka riƙe shi?"

Na ce mata haka ne. Na tashi na koma bayan ɗaki, inda ba na jin su.