Malam A-Hankali da Tayoyin Gudu

Yayana ya ƙare ƙuruciyarsa a kujerar gefen direba. Mai koyar da tuƙi ne, kuma rabin masu mota a unguwarmu ta hannunsa suka bi. Tun safe har yamma magana ɗaya ce a bakinsa, “a hankali,” har ta zame masa suna. Ko shayi aka ba shi sai ya bari ya huce sarai kafin ya kai baki. Ni da nake ƙanwarsa, mai gaggawa tun ina goye, na sha gaya masa ban san yadda aka yi ya riga ni zuwa duniya ba.

Allah ya ba shi ɗa guda tilo, kuma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Injiniya muke ce wa yaron tun yana kwance rediyon gida, kuma ba abin da yake so a duniya kamar gudu. Da ya samu aiki mai tsoka sai ya sayo wata mota mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa, in an tayar da ita tagogin gidan har rawa suke yi. Ya kawo ta da murnarsa don ubansa ya sa albarka. Yaya ya zagaya ta sau ɗaya, hannuwa a baya, ya ce, “Wannan ai makara ce mai taya.” Ina tsaye a wurin, na ga yadda fuskar yaron ta mutu. Da uwarsa tana da rai da ta yayyafa wa maganar ruwa, amma a lokacin ta riga mu gidan gaskiya.

Ba a daɗe ba aiki ya kai Injiniya wata ƙasa. Ya bar motar a rumfar gidan don ba shi da inda zai kai ta. Waya kuwa suna yi, irin wadda ba ta wuce “lafiya” da “lafiya lau.” Kowa a cikinsu yana jiran ɗaya ya fara, kuma taurin kai kam jininmu ne.

Shekaru suka ja. Yaya ya bar aiki, ya sayar da ’yar ƙaramar motar koyarwarsa, ya koma ɗaki ɗaya ya rufe sauran. Sai ga shi ya zama bawan makarar da ya zaga. Kullum da safe zai yaye mata mayafi, ya goge ta, ya tayar da injin ya ɗumama, ya gangara da ita zuwa bakin get ya komo da baya. Iyakar tafiyarta ke nan. Wata rana na shigo ba sallama na same shi a ciki, a kujerar gefe, yana kallon sitiyari ba kowa. Na koma da baya na buga ƙofar gida da ƙarfi, kamar yanzu na iso. Tausayinsa ya hana ni cin abinci ranar.

Sai yaron ya ce mai yiwuwa ya samu hutu ya zo. Yaya bai ji “mai yiwuwa” ba, “ya zo” kawai ya ji. Ya bi motar da dubawa ciki da bai, ya gano gefen tayoyin duk ya tsattsage kamar kaushin ƙafa, alhali zanensu ko cinyewa bai yi ba. Ya kira ni ya ce in raka shi, wai na fi shi baki.

Shagon mai taya yana bayan layin masu walda, tayoyi jere har rufi, warin roba kamar ya shaƙe mutum. Mun iso da motar kamar masu rakiyar hawainiya, na baya suna ta danna mana hon. Mai tayan, wani kakkauran mutum mai furfura a gemu, ya tsuguna ya shafa gefen tayar.

“Baba, wannan zama ne ya kashe su, ba hanya ba. Taya tana tsufa ko ba a taka ta ba.”

Ya nuna mana lambobin da ke jikinta. Ya ce na baya sun fi na gaba faɗi, kada wani ya sa mana iri ɗaya duka. Ya ce harafin ƙarshe shi ke faɗin iyakar gudun da tayar za ta ɗauka ba ta fashe ba. Sannan ya gangaro da guda biyu ya jingina su a gabanmu.

“Wannan mai tauri ce, tana da haƙuri, za ta daɗe ko motar tana ajiye. Wannan kuwa mai laushi ce, irin wadda motar ta zo da ita. In ta ɗauki zafi kama kwalta take yi kamar ƙaska, ko a kwana ba ta saki. Amma fa ba ta son jira. In za a ci gaba da ajiye motar, asara ce. Wa ke tuƙa ta, kuma yaya yake tuƙi?”

Na yi caraf na ce, “Ba shi mai taurin. Ba ka ga yadda muka shigo ba?”

Mai tayan ya yi dariya ya ce, “Na gani, Mama. Na zaci turo ta ake yi.”

Yaya bai yi dariya ba. Ya danna babban yatsansa a jikin mai laushin, ya daɗe yana kallon ta.

“Mai motar yana tafe,” in ji shi. “Kuma gudu yake yi.”

“Sosai?”

“Sosai. Ya iya kuma. Ni na koya masa.”

Ban taɓa jin ya faɗi haka ba, ko a bayan idon yaron. Na buɗe baki zan yi maganar tsada, sai na rufe. Na gane abin da yake saye. Mutumin da ba zai iya ce wa ɗansa “na yi kuskure” ba, so yake yaron ya tsuguna ya karanta harafin nan da idonsa. Aka ɗaga motar a jak, aka sa guda huɗu, Yaya yana tsaye a kansu yana tambayar ko kibiyar da ke jikin kowace taya ta fuskanci gaba.

Daga ranar ya buɗe ɗakin yaron, ya sa aka wanke labule. Ya sayo abin gwada iska yana bin tayoyin da shi kullum kamar mai jinya. Lokacin hutun ya zo ya wuce. Ni ce na gaji na kira Injiniya, na sa wayar a lasifika a gaban ubansa, don ni ba na iya wannan wasan ɓuyan.

“Gwaggo, wallahi abubuwa sun cakuɗe, bana dai ba zai yiwu ba. Yauwa, ki gaya wa Baba na samu mai sayen motar nan, zai zo ya ɗauka. Na san ta tsare masa wuri, kuma dama can ba son ta yake yi ba. Na bar masa wahala.”

Na kalli Yaya, na yi masa alama da ido ya yi magana. Ga ƙofa a buɗe, kalma biyu ta isa. Ya matso kusa da wayar, ya yi gyaran murya.

“To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Kana dai lafiya?”

“Lafiya lau, Baba.”

Ranar na yi wa Yaya faɗan da ban taɓa yi ba, yana zaune yana kallon tafin hannunsa.

Mai sayen ya zo, wani ɗan gayu da baƙin tabarau. Ya shuri tayar gaba da takalmi ya ce lallai mai motar nan ya san abin da yake yi. Ya karɓi makulli, ya ba ta wuta, kafin mu kai bakin get ƙararta kawai muke ji daga babban titi.

Washegari na zo da rana ban same shi ba. Ina zaune a dandamalin ƙofa sai ga motar haya ta sauke shi, direban ya buɗe but ɗin motar ya fito da wata tsohuwar taya mai tsage-tsage.

“Yaya, wannan kuma fa?”

“Na koma shagon ne in karɓo tsofaffin. An riga an kwashe uku.”

“Ka yi me da su?”

“Sababbin ai ba su san Injiniya ba,” ya ce. “Wannan ita ce ta gaba, ɓangaren direba.”

Na miƙa hannu zan taya shi, ya girgiza kai. Ya sunkuya da ƙyar, ya gangara da ita cikin rumfar shi kaɗai.